Babi na Shida: Laimar Kwaɗin da Ke Narkewa Ta Zama Tawada

A tsakiyar Agusta, sa'ad da marka ta kankama a arewacin Zamfara, wanda ya yi sammako ya zaga bayan gida a Ƙaura Namoda, ko Moriki, ko Badarawa, inda ake jibge kashin shanu da ragowar harawa kafin a kwashe su zuwa gona, yakan tarar da wasu 'yan laimomin kwaɗi sun ɓullo cikin dare. Ba su da wani girma. Hular toka-toka ce, ƙafar fara ce siririya, tsawonta bai cika wuce na ɗan yatsa ba. Idan mutum ya tafi harkarsa ya dawo da hantsi, sai ya ga bakin hular ya tsattsage ya nannaɗe sama, wani baƙin ruwa yana ɗiga daga gefenta. Kafin azahar babu hula sam, sai ƙafar kaɗai ta langaɓe a kan juji da baƙin tabo a kanta. Ba rana ce ta ƙone ta ba, ba kuma ruɓewa ta yi ba. Ita ta narkar da kanta.

Wannan dangi ne zan riƙa kira laimar tawada a cikin wannan babi. Sauran laimomi ana gane su da launi, da siffa, da wurin da suka tsiro. Ita kuwa babbar shaidarta lokaci ne. Wanda ya gan ta sau ɗaya ya wuce bai gan ta ba. Sai ya gan ta da asuba, ya sake ganinta da hantsi, ya kuma leƙa da azahar, sannan yake da bakin cewa ya san abin da ke gabansa.

Littattafan Turai kan tura mai neman laima cikin daji. A nan wannan shawara ba ta da wurin zama. Dajin Dumburum na ƙasar Zurmi da dajin Sububu da ke maƙwabtaka da Shinkafi sun daɗe da zama mafakar 'yan bindiga, kuma babu laimar da ta kai a sayar da rai dominta. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne laimar tawada ba ta damu da daji ba. Duk abin da take nema yana cikin gari ko bakin gari: turken sa, garken awaki, tsohon masheƙari, bolar da ake zuba ƙaiƙayi da buntun shinkafa, kututturen darbejiya da aka sare a ƙofar gida, da ciyawar fadamun Gagare da Bunsuru inda dabbobi ke kiwo.

Abin da muke gani a sama ba shi ne jikin halittar ba, 'ya'yanta ne kawai. Jikin yana ɓoye cikin jujin. Ka sa sanda ka ɗaga wani curi na taki mai danshi kusa da inda laimar ta fito, za ka ga farin zare siriri ya saƙe karmami da guntayen kara, ya haɗe su wuri ɗaya. Wannan zaren ne yake cin kara da kashi, yana farfasa su har su koma baƙar ƙasa mai laushi. Yakan yi makonni yana wannan aiki ba wanda ya san da shi, sai ruwa ya jera kwanaki sannan ya fitar da laima don ya watsa irinsa. Jinsin da aka fi sa ran gani a kan juji, wanda masana ke kira Coprinopsis cinerea, ya bazu kusan ko'ina a duniya, kuma zarensa ya fi saurin girma a zafin da ya kai digiri 37, wato zafin jikin mutum. Shi ya sa ɗumin da ke tashi daga cikin tarin taki bai dame shi ba, daɗi ma yake ji. Wani masani ɗan Japan, Naohiko Sagara, ya nuna a shekarun 1970 cewa akwai rukunin laimomi da ke ɓullowa musamman inda fitsari ko makamancinsa ya jiƙa ƙasa, ciki har da wasu 'yan wannan dangi. Wanda ya san warin da ke dukan hanci a turke da safe ya san wurin da ake nufi. Manomi dai kada ya tsorata in ya ga sun cika masa juji. Ba cuta ba ce. Alama ce kawai takin yana kan dahuwa, bai gama nuna ba.

Bari mu tsuguna mu dube ta da kyau. Sabuwar fitowa, da magariba ko farkon dare, hular a rufe take, mai siffar ƙwai, ta lulluɓe da farin gashi mai laushi. Ka shafa da yatsa, gashin ya biyo ka, sai fatar toka-toka ta bayyana da siraran layuka da suka taso daga tsakiya zuwa baki. Kada ka fizge ta. Sa wuƙa ka tono ta har gindi, domin sau da yawa gindin yakan tsawaita ya shige cikin takin, kuma abin da ke gindi yana cikin shaidun da ake buƙata: wannan ba ta da jaka a gindi, ba ta kuma da zobe a ƙafa. Ƙafar tana da rami a ciki, ba ta lanƙwasuwa, karyewa take yi ƙas. Yanzu sa reza ka tsaga hular daga sama zuwa ƙasa. Za ka ga siraran shafuka a matse da juna kamar na sabon littafin da ba a buɗe ba. A ƙaramar laima farare ne. A wadda ta ɗan girma, ƙasan shafin ya yi baƙi, tsakiya toka-toka, sama har yanzu fari. Wannan baƙi mai hawa daga ƙasa zuwa sama, shi ne abin da za ka riƙe.

Dalilinsa ya daɗe yana ruɗa mutane. Da yawa sun ɗauka baƙin ruwan ne yake ɗaukar irin laimar ya kai shi ƙasa. Reginald Buller, malamin ilimin tsirrai a Jami'ar Manitoba ta Kanada, wanda ya fara fitar da jerin littattafansa kan laimomi a 1909, shi ya zauna ya bi abin daki-daki ya nuna ba haka ba ne. Ƙwayoyin irin, waɗanda ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, a jikin shafukan suke nuna, kuma harbo su ake yi cikin iska. To amma shafukan wannan laima sun matse ƙwarai, babu sararin da ƙwaya za ta faɗo ta wuce ba tare da ta manne a shafin da ke kusa ba. Sai halittar ta zo da tsari na daban. Ƙwayoyin da ke bakin ƙasa su ne ke fara nuna, a harba su, iska ta kwashe. Da zarar wannan yanki ya gama aikinsa, sai laimar ta saki sinadaran da ke narkar da shi ya zama ruwa, ya kauce daga hanya, hular kuma ta ƙara buɗewa ta nannaɗe. Yankin da ke sama da shi ya zama shi ne baki, ya harba nasa, shi ma a narkar da shi. Haka ake ta hawa har a kai tsakiya. Abin da ake narkarwa kuwa irin sinadarin nan ne da ke taurara ɓawon fara da kyankyaso, don da shi aka gina jikin laima, ba da irin na itace ba. Baƙin da ke cikin ruwan ragowar ƙwayoyin da suka maƙale ne. Mafi yawansu sun riga sun tafi tun kafin gari ya waye sosai, lokacin da raɓa ke ƙasa kuma iska na da danshi.

Akwai gwaji mai sauƙi da ya kamata kowane mai sha'awar laima ya saba da shi. Yanke hular, ka kifa ta a kan farar takarda, ka rufe da kofi. Ƙwayoyin za su zubo su zana hoton shafukan a kan takardar. Ga sauran laimomi akan bari ta kwana. Ga wannan, awa ɗaya ko biyu ta isa, in ka ƙara sai ka tarar da kwatami maimakon hoto. Launin zai fito baƙi, ko ƙasa-ƙasa mai duhu da ya kusa baƙi.

Danginta na kan itace ba sa buƙatar dogon bayani. A gindin tsohon kututture akan ga gungu masu launin ƙasa-ƙasa mai haske, an barbaɗa wa hularsu wasu ƙananan ƙwayoyi masu ƙyalli idan rana ta haska. Ruwan sama ɗaya yakan wanke ƙyallin, don haka rashinsa ba hujja ba ce. Akwai wasu ƙanana ƙwarai da ke fitowa ɗaruruwa lokaci guda su rufe kututture ruf, su kuwa ba sa narkewa, bushewa suke yi. A cikin gajeriyar ciyawa akwai wata mai siririyar hula da haske ke ratsa ta, an yi mata tattara daga tsakiya zuwa baki, tana buɗewa da asuba ta yanƙwane da hantsi ba tare da ta ɗiga komai ba. Duka ƙwayoyinsu baƙaƙe ne. Wani lokaci ma a banɗaki ko gindin randa, inda katako ya daɗe cikin danshi, akan ga wata shimfiɗa mai gashi, launin tsatsa, daga baya laima ta fito daga cikinta. Ita ma 'yar gidan ce, kuma saƙon da take kawowa shi ne katakon ya ruɓe.

Sai masu kama da ita, kuma a nan ne ake samun matsala, don kama da wane ba ta wane.

Wadda ta fi shahara a littattafai cikin dangin tawada ita ce Coprinus comatus: doguwa, fara, hular takan kai santimita 15, da ɓawo mai gashi a jikinta da zobe mai motsi a ƙafa, shafukanta sukan bi ta ja-ja kafin su yi baƙi. Ana cin ta tana ƙarama a Turai da Amurka, a ƙasar Sin har noma ta ake yi. Ta fi son ƙasashe masu sanyi. Hotonta ne ya cika intanet, kuma shi ne yake iya ɓatar da ɗan Shinkafi ko Zurmi, domin a ƙasa mai yashi ta yankin Sahel akwai wata da ke kama da ita matuƙa daga nesa. Sunanta Podaxis pistillaris, Linnaeus ya bayyana ta tun 1771. Tana tsaye ƙiƙam a fili, ko a gefen hanya, wani lokaci kusa da suri, fara mai ɓawo, doguwar hula a rufe. Je kusa ka taɓa ƙafar: tauri gare ta, sai ka yi da gaske za ka karya. Hular ba ta taɓa buɗewa ta zama laima, sai dai ta tsage daga ƙasa. Ka matsa tsohuwa, ba ruwa ne zai fito ba, baƙin gari ne busasshe zai buɗe maka hannu. Ba ta gaggawa. Takan tsaya a inda take bayan ɗaukewar ruwa, har cikin hunturu, iska na kaɗa ta tana zubar da garin kaɗan-kaɗan. Abin mamaki, da aka zo binciken ƙwayoyin gado a shekarun 1990, sai aka gano Coprinus comatus ta fi kusanci da irin su Podaxis da farar laimar da ake sayarwa a manyan kantuna, fiye da yadda take da ƙananan laimomin tawada na juji. Wannan ya sa a 2001 Scott Redhead da abokan aikinsa suka raba tsohon gidan Coprinus, wanda Persoon ya kafa tun 1797, zuwa gida huɗu. Wato narkewar nan dabara ce da ta ɓullo fiye da sau ɗaya, ba shaidar jini ɗaya ba ce. Mai karanta tsohon littafi zai ga duka ana ce musu Coprinus, kada abin ya ɗaure masa kai.

Wadda ya fi kyau a ji tsoro ita ce Chlorophyllum molybdites. Tana fitowa a ciyawa bayan ruwa, a filin makaranta, a bakin fadama, sau da yawa a jere ko a zagaye. Babba ce, fara, da ɗige-ɗigen ɓawo ƙasa-ƙasa a hula da zobe a ƙafa, ga tsoka, abin sha'awa ga mai jin yunwa. Tana ƙarama hularta a dunƙule take, a nan ne ake rikita ta da wadda ake ci. Ba ta narkewa. Shafukanta farare ne da farko, in ta tsufa su koma kore-kore, hoton ƙwayoyinta a takarda ma kore ne. Wanda ya ci, cikin awa ɗaya zuwa uku amai da gudawa masu tsanani za su kama shi, wani lokaci har da jini. A Amurka ita ce kan gaba wajen sa mutane rashin lafiya cikin laimomi. Babba mai ƙarfi yakan farfaɗo bayan kwana ɗaya ko biyu. Yaro ƙarami a ƙauyen da hanyar asibiti ba ta biyuwa da dare, wannan wata magana ce. In abin ya faru, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a nemi asibiti da wuri, a kuma tafi da ragowar laimar a cikin takarda, ba leda ba.

A kan kashin shanu kuma akwai wasu ƙanana, masu hula kamar ƙararrawa da baƙaƙen ƙwayoyi, 'yan gidan Panaeolus. Bambancinsu shi ne shafukan dabbare-dabbare suke yi, baƙi nan toka can, ba baƙi mai hawa a jere ba, kuma ko sun wuni ba sa ɗiga. Wasu daga cikinsu suna gusar da hankali. Naman kazan suri kuwa, wanda gara ke nomawa a cikin gidanta kuma ake ci a sassa da yawa na Najeriya, ba ya baƙi ko kaɗan: yana da tsini a tsakiyar hula, da doguwar saiwa da ta nutse har cikin surin, ƙwayoyinsa kuma masu haske ne. Duk laimar da ka tono ka ga jaka a gindinta da fararen shafuka, ajiye ta ka wanke hannu. A wannan siffa ake samun masu lalata hanta, waɗanda ba sa nuna alama sai bayan sa'o'i da yawa.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, ana ci? Uwa a ƙauye in ta ga ɗanta da laima a hannu takan ce, "Kai, yar da ita, abin kwaɗi ne," kuma ni dai ina bayanta. Akan ce sai an gwada akan san na ƙwarai, amma ban da laima. Maganar cewa in ƙwari sun ci mutum ma zai iya ci, ko cewa dafuwa na kashe dafi, duk ba gaskiya ba ne. Cikin dangin tawada akwai wata toka-toka mai fitowa gungu-gungu a kan itacen da ƙasa ta binne, Coprinopsis atramentaria, wadda ke ɗauke da sinadarin da aka tace a 1975 aka sa masa suna kofirin. Shi kaɗai ba ya nuna komai nan take. Amma yana toshe hanyar da hanta ke bi ta gama sarrafa barasa, sai wani guba da ya kamata ya wuce ya taru a jini. Cikin mintoci bayan shan barasa fuska ta yi zafi ta yi ja, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, hannu da ƙafa su yi tsirr, ga tashin zuciya. Tasirin yakan kai kwana uku bayan cin laimar. Yarabawa sun san irin wannan tun kafin a tace komai: B. A. Oso na Jami'ar Ibadan ya rubuta a 1975 cewa sunan da suke kiran wata laimar tawada ta yankinsu gargaɗi ne kada a haɗa ta da giya. Bazamfare zai ce wannan bai shafe ni ba, ba na sha. To, akwai barasa a cikin wasu magungunan tari na ruwa da wasu jiƙe-jiƙen kwalba da ake tallarsu a tasha. Bayan haka, gwajin da aka yi a kan ɓeraye ya nuna kofirin na lalata 'ya'yan maraina. Ga kuma inda ta juji take tsirowa, cikin kashi da fitsari. Ban ga abin kwaɗayi a 'yar laimar da ko cokali ba ta cikawa ba.

Tawadar kuwa ta gaske ce. Masanin Faransa Pierre Bulliard, wanda ya bayyana Coprinopsis atramentaria a 1786, ya ambaci cewa ana rubutu da ruwanta. A 1876 wani ɗan ƙasarsu, Émile Boudier, ya ba da shawarar a riƙa rubuta muhimman takardu da ita, domin ƙwayoyin irin suna nan a cikin rubutun, in aka sa na'urar duba ƙananan halittu za a gan su, mai jabu kuma da tawadar kanti ba zai iya kwaikwayo ba. Haɗa ta ba wuya ga wanda ya taɓa ganin almajiri na haɗa tasa. A tara huluna a kwalba a rufe, a bar su kwana biyu ko uku su narke, a tace da ƙyalle, a zuba ɗan ƙaro don ta kama takarda, a jefa kanumfari saboda wari, don warin ba kaɗan ba ne. Sai an girgiza kafin a tsoma alƙalami, saboda ƙwayoyin kan kwanta a ƙasa. Ga yaran makaranta wannan gwaji ne mai kyau na damina. Sharaɗi ɗaya ne, kuma ba na wasa ba: a takarda kawai. Kada a kai ta kan allo. Abin da aka rubuta a allo a wurinmu wankewa ake yi a sha, kuma abin da ya fito daga juji bai dace da allo ba tun asali.

Binciken farko-farko kan laimomin Najeriya a kudu aka fi yin sa, a Ibadan da Ife, inda ruwa ya fi yawa. Ɗalibin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda, ko na jami'ar Gusau ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, yana da fili a gabansa, kuma aikin bai wuce ƙarfin waya da littafin rubutu ba. A ɗauki hoto sau uku, da asuba da hantsi da azahar, a ajiye ashana ko biro a gefe don a san girma. A ɗauki sama, a ɗauki ƙasan hula, a ɗauki wadda aka tsaga. A rubuta kwanan wata, da yaushe aka yi ruwa na ƙarshe, da abin da ta tsiro a kai: kashin sa ne, na jaki ne, buntu ne, ko kututturen wane itace. Tantance ainihin jinsi sai an auna ƙwayoyin a ɗakin bincike, don haka ana buƙatar busasshen samfuri, a nan kuma laimar tawada ke wahalar da mutane. Wadda ta buɗe ba ta busuwa, kafin ka kai ta gida ta zama tabo. Sai a zaɓi ƙanana waɗanda shafukansu suka soma yin toka-toka, a tsaga su biyu nan take, a shanya a kan takarda kusa da murhu inda ɗumi ke bugawa ba harshen wuta ba. In sun bushe ƙayau a sa a ambulan tare da takardar hoton ƙwayoyin, a rubuta lamba ɗaya a kan ambulan da cikin littafin.